Bin Kogin Haɗeja Daga Dutse Zuwa Rairayi

Wanda ya tashi daga Tudun Wada ya ɗauki hanyar Jos, kafin ya fita daga dajin Falgore zai ga ƙasa ta fara tashi, duwatsu suna leƙowa ta bayan itatuwan doka. Can gaba, a ƙaramar hukumar Doguwa, duwatsun Riruwai suke, inda aka daɗe ana haƙar kuza. Daga wannan yanki da gangaren tsaunukan Filato da ke bayansa Kogin Kano yake tattara ruwansa. Nan na fara tafiyata da kaka, bayan an yanke gero, da niyyar in bi ruwan nan har inda ƙarfinsa ya ƙare, ina duban ƙasar da yake ratsawa da rijiyoyin da ke gefensa.

Duk kudancin Kano a kan tsohon dutse yake zaune, wanda masana suka ce ya haura shekara miliyan 500. Na Riruwai yaro ne a kansa, bai kai miliyan 200 ba, daga baya ya narko daga ƙarƙashi ya huda tsohon, kuma shi ya taho da kuzar. Ƙasar noman da ke kansu ba daga wani wuri ta zo ba, dutsen ne da kansa ya ruɓe a hankali. Shi ya sa take ja, da tsakuwa a cikinta, wani wurin ma garma tana karo da marmara tun ba a yi nisa ba. Ruwan sama a nan yana wuce milimita 1,000 a shekara, don haka doka da kaɗanya da ɗorawa da marke suke tsaye kafaɗa da kafaɗa, gamba kuma tana fin mutum tsayi.

A wani ƙauye kusa da Rano na tarar ana haƙar rijiya a bayan wani gida. Mai haƙar, dattijo ne siriri, yana can ƙasa, yaransa biyu suna jan ƙasa da bokiti suna zubewa gefe. Tarin da suka yi ya jera kansa launi-launi. Na farko ƙasa ce mai duhu-duhu, ta saman gona. Sai ja mai tsakuwa, sai gutsattsarin marmara da aka sha wuya kafin a fasa. Abin da suke fitarwa a lokacin kuwa fari-fari ne mai ɗigon baƙi, kamanninsa na dutse sak, amma da na damƙa sai ya marmashe a tafin hannuna, ya bar ɗan ƙyalƙyali da sanyi. Da dattijon ya hauro shan iska na gaishe shi, na ce, "Baba, saura gaba nawa?" Ya karɓi abin da ke hannuna ya murza, ya ce, "Ɗana, wannan ruɓaɓɓen shi ne gidan ruwa. In yana da kauri, mai gida ya huta. In na taka fa ban ga danshi ba, sai dai mu rufe mu nemi wani wuri." Ya nuna min wata kanya da wasu ɗinya da suka yi layi zuwa gangare, ya ce da shawararsa aka bi, da a kan layin nan aka haƙa.

Abin da ya faɗa shi ne abin da ke cikin littattafan masu nazarin ruwan ƙasa. Lafiyayyen dutse ba shi da ƙofar da ruwa zai zauna. Ruwan yana maƙale ne a cikin ruɓaɓɓen ɓangaren da ke samansa, wanda sau da yawa bai wuce mita 10 zuwa 30 ba, ko kuma a cikin tsagar dutsen. Wannan ne dalilin da za ka ga rijiyar wani tana ba da ruwa har bazara, ta maƙwabcinsa kuwa ta ƙafe tun watan Fabrairu. Shi ne kuma dalilin da mutane da yawa a Kano da Zariya suka biya kuɗin burtsatse aka yi ta huda dutse, aka tashi da ƙura. Itatuwan da suka yi layi sau da yawa tsaga suke bi, domin saiwarsu ta riga mai haƙa gano wurin.

Tun da dutse ba ya shan ruwa, abin da sama ta zubar sai ya gangara rafuka. Saboda haka yankin ya dace da madatsun ruwa, gwamnatin Audu Baƙo kuwa ta gane haka, ta gina su da yawa. Babbarsu ita ce Tiga, wadda aka kammala a 1974. Na tsaya a kan gaɓarta da hantsi, ruwa iya ganinka, masunta suna ta harkarsu. Daga nan babbar magudana take ɗaukarsa zuwa Kadawa da Kura, inda shinkafa da alkama da tumatir suka mai da rani lokacin samu. Ba mai ganin Kwanar Gafan a lokacin tumatir ya ce Tiga ba ta yi amfani ba. Sai dai ko a nan ƙasa tana nuna iyakarta. A wasu filayen da magudanun fitar da ruwa suka toshe, ruwan ƙasa ya taso har ya kusa saiwar shuka, gefen kunya ya yi fari da kanwa, domin fa yana nan a ƙasa, ruwan da aka zuba ba shi da inda zai nutse.

Daga Kura zuwa birni da kewayensa launin gona yana sauyawa, jan yana raguwa, rairayi mai laushi yana ƙaruwa. Har yanzu dutse ne a ƙarƙashi, ga Dala da Goron Dutse nan da hular marmara a kansu, wadda maƙeran farko suka samu tama a cikinta suka zauna. Amma abin da manomi yake nomawa a sama iska ce ta kawo shi a wani zamani na fari, ta shimfiɗa a kan dutsen. Ƙasa ce mai sauƙin huɗa, marar ƙarfi sosai, amma an yi ɗaruruwan shekaru ana nomanta kowace damina ba hutu. Takin da jakuna suka yi ta ɗaukowa daga birni a mangala ya riƙe ta, da kashin awaki da tumakin da ake turkewa a gida, da itatuwan da manomi ya ƙi sarewa, wato gawo da tsamiya da kuka da ɗorawa. Har hazon hunturu da muke ƙorafi a kansa yana da hannu. Mafi yawansa daga kwarin Bodele yake tasowa a arewacin Chadi, busasshen gindin wani tsohon tafki, yana kuma sauke wa gonakin Kano ɗan abincin shuka duk shekara.

Kafin Wudil Kogin Kano yake haɗuwa da Challawa, wanda shi ma aka datse a 1992, su zama kogi ɗaya, wato Kogin Haɗeja. A ƙarƙashin gadar Wudil, tifofi sun yi layi ana loda musu yashi. Daga nan na nufi Ringim, kuma a wannan tsakanin ne ƙasa take yin babban sauyin da babu allon da ke sanar da shi a bakin titi. Duwatsu suna raguwa, suna gajarcewa, sai kawai ka lura ka daɗe ba ka ga ko ɗaya ba. Na garin Dutse, da na Birnin Kudu masu zanen mutanen dā a jikinsu, suna can kudu, su ne kusan na ƙarshe. Gabas da wannan layi tsohon dutsen ya nutse, shimfiɗun yashi da yumɓu na kwarin Chadi suka hau kansa, sirara a baki, suna ƙara kauri har su kai ɗaruruwan mitoci a wajen tafkin. Mai gini a Haɗeja ko Nguru sai ya sayi tsakuwar da mota ta ɗauko daga nesa.

Halin kogin ma a nan yake juyawa. A kan dutse karɓa yake yi, kowane rafi yana ƙara masa. Da ya hau yashi sai ya koma bayarwa. Babu wani babban rafi da ke shigo masa kuma sai can kusa da Gashuwa, ruwansa yana tsiyaya ta gindi da gaɓa yana shiga ƙasa, rana tana ɗaukar nata kaso. Wajen Jahun akwai tsofaffin tuddan rairayi da suka jeru daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, yadda iskar hunturu take kaɗawa, shaidar lokacin da hamada ta sauko har nan, shekara wajen 20,000 da suka wuce. Yanzu gero da wake da riɗi ne a kansu. Kogin da ya iso fili marar gangare sai ya rarrabu a tsakanin tuddan, ya yi rassa, ya bazu.

A bayan Haɗeja, cikin tafiyar da ba ta fi ta shan iska ba, na ratsa ƙasa iri uku. A kan tudu rairayi ne fari, ƙafa tana nutsewa, ga karan gero, ga sabara da kalgo, ga gawo ya fara fitar da sabon ganye a daidai lokacin da sauran itatuwa suke shirin zubar da nasu. Saiwar gawo tana yin nisa ƙwarai har ta taɓo ruwa, don haka ba ya jiran sama. Da na fara gangarawa sai ƙasa ta yi tauri, aduwa da magarya suka bayyana, goruba ta yi cincirindo, abin da kowane makiyayi ya san alamar ruwa ne kusa. A can ƙasa kuma laka ce baƙa mai darewa in ta bushe, bagaruwa da giyayya a tsaye, da zoben da ambaliya ta bari a jikinsu daidai ƙirjina.

A wannan fadamar na ga yadda ake samun ruwa ba tare da an fasa komai ba. Samari ne suka kafa bututu a tsaye, suka haɗa shi da ɗan injin ban-ruwa, ruwan da injin yake turawa yana wanke yashin ƙasa yana fito da shi ta gefe, bututun yana nutsewa da kansa. Da farko laka ce baƙa take fitowa, sai ruwan toka, sai yashi mai laushi. Da yashi mai gwaɓi ya fara fitowa, manyan ƙwayoyi masu sheƙi, sai babbansu ya tara hannu ya duba, ya ce wa mai gonar, "Alhaji, mun iso." Kafin la'asar ruwa yana gudu a cikin fangalin albasa. Na tuna da dattijon Rano da makonnin da yake kwashewa a rami. Mai gonar ya ce min, "Malam, ai wannan ruwan kogi ne ya ajiye mana. Shekarar da ambaliya ta kwanta sosai, inji ba ya wahala. Shekarar da ba ta zo ba, kafin bazara sai mun sauke injin cikin rami."

Wannan magana ita ce zuciyar al'amarin, kuma ita ce aka yi sakaci da ita lokacin da ake tsara madatsun sama. Ambaliyar da take kwanciya a dausayin Haɗeja da Nguru daga Agusta zuwa Oktoba ba asarar ruwa ba ce. Ita take cika yashin ƙarƙashi, daga nan ruwan ya bazu zuwa rijiyoyin ƙauyukan da ke kan tudu, waɗanda ko kogin ba sa hangowa. Ita take sauke sabuwar laka a gonar shinkafa, ta tsirar da burugu da roba don shanu, ta buɗe wa kifi wurin ƙwai. A shekarun 1960 da farkon 1970 ruwan yakan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000. Bayan Tiga da farin shekarun 1970 da 1980, akwai shekarun da bai kai rabin haka ba. Binciken da masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka yi a farkon shekarun 1990 ya nuna cewa in aka haɗa noma da su da itacen da dausayin yake bayarwa, amfanin kowane ma'aunin ruwa a nan ya ninka na filayen ban-ruwan Kano sau da yawa. Ni ba na cikin masu cewa da ba a gina Tiga ba, birnin Kano kansa da ita yake sha. Abin da ke ci min rai shi ne an daɗe da ba da shawarar a riƙa sakin ruwa da yawa a tsakiyar damina don a kwaikwayi ambaliyar asali, a kuma rage shi da rani, amma har yau mutanen da ke ƙasan kogin ba su da tabbacin abin da zai zo musu ko yaushe.

Illar sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara kuwa tana nan tsaye a fili, ana kiranta kachala. A dā rassan kogin sukan bushe da rani, rana ta ƙone abin da ya tsiro. Da ruwa ya daina yankewa sai wannan doguwar ciyawa ta samu wurin zama. Ta cika hanyoyin ruwa, ta tare laka, gindin kogi ya taso. Ruwan da ya kamata ya bi tsohon kogin Haɗeja da reshen Burum Gana ya gangara Gashuwa sai ya karkata ta hanyar Marma ya taru a tafkin Nguru. Wasu ƙauyuka gonakinsu sun zama tafki na dindindin, wasu kuma a ƙasa da su fadamarsu ta bushe ta zama faƙo. Na shiga kwale-kwale a kusa da Nguru, mai tuƙin yana bin wata siririyar hanya da aka sare da adda, kachala ta fi mu tsayi ta kowane gefe, jan-baki suna tashi daga cikinta garke-garke, su ne masu cinye shinkafa da gero. Da ya kai wani wuri ya soka gora ƙasa, ya ce gonar mahaifinsa ce a nan. An sa tafkin Nguru da hanyar Marma a jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000, tsuntsayen Turai kuma har yanzu suna zuwa cin rani a Dagona da Baturiya. Ambaliyar 2022 da ta cinye gidaje da gonaki a Ringim da Auyo da Haɗeja ta nuna cewa kogin da hanyarsa ta toshe ba ya daina zuwa, cikin gari yake shiga.

Kusa da Gashuwa ragowar ruwan Haɗeja yake haɗuwa da na Jama'are, wanda ba a yi masa babbar madatsa ba, kuma shi ne yake ɗauke da mafi yawan abin da ke wucewa ƙarƙashin gadar garin a matsayin Komadugu Yobe. Gefen kogin tattasai ne da attaruhu da shinkafa, amma ɗan nisa kaɗan sai rairayi da ƙarangiya da dakwara mai ba da ƙaro. Ruwan sama a nan bai cika kai rabin na Riruwai ba.

Ƙasar nan ba kullum take haka ba. Shekara wajen 7,000 da suka wuce tafkin Chadi ya kai faɗin kusan murabba'in kilomita 350,000, tsohuwar gaɓarsa kuma tana nan har yau, doguwar kunyar yashi da ta ratsa Maiduguri da Bama ta shiga Kamaru. A 1987 wani makiyayi yana haƙar rijiya a Dufuna, kusa da Komadugu Gana, ya ci karo da itace a zurfin mita 5. Da masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt suka tono shi a 1994, sai ga kwale-kwale mai tsawon fiye da mita 8, wanda aka auna shekarunsa suka kai wajen 8,000. Laka mai danshi ce ta adana shi. Irin waɗannan zamunan na ruwa da na fari, suna bin juna, su suka jera yashi da yumɓu hawa-hawa a kwarin. A Borno an san hawa uku na ruwan ƙasa. Na tsakiya yumɓu mai kauri ya danne shi, har burtsatsen da aka haƙa a shekarun 1950 da 1960 suka riƙa feso ruwa da kansu ba famfo. An bar da yawa suna kwarara dare da rana, ƙarfin ya yi ta raguwa, ruwan kuwa tsoho ne, na zamanin da ya wuce, damina ɗaya ba ta mayar da shi.

Daga Gashuwa na yi arewa zuwa Yusufari, inda kwalta take ƙarewa a koma motar da ke iya rairayi. Nan hannun kogin bai kai ba. Tuddai ne jajaye, wasu da ciyawa, wasu tsirara suna tafiya da iska. Sai ka hau wani tudu, kwatsam ka hango kwari a ƙasa, kore shar, dabino da goruba sun kewaye shi. Haka Tulo-Tulowa take, haka sauran kwaruruwan yankin Bulatura. Ɗan ruwan saman da ke sauka a kan rairayi ba ya gudu ko'ina, nutsewa yake nan take, ya taru a ƙarƙashi, inda kwari ya yi zurfi sai ya kusa fitowa fili. A bakin kwarin ruwan daɗi ne, mutum yana tona rami da hannu ya same shi, a nan ake shuka rogo da masara da albasa. A tsakiya kuwa, inda rana take ta tsotsarsa, gishirin da ke cikinsa yana taruwa, ƙasa ta yi ɓawon fari. Wannan ita ce kanwar da mata suke sharewa suna tarawa tsibi-tsibi, fatake suna saye.

Wani manomi da ya raka ni gefen arewa maso gabas na kwarin ya nuna min dabinai uku da rairayi ya binne har wuya, kansu kaɗai ya rage a waje. Ya ce a dā goruba ce ta yi katanga a wannan gefen, aka yi ta sara don azara da itacen girki, shanu kuma suka cinye ciyawar da ke riƙe tudun. Yanzu shi da 'yan'uwansa suna kafa shingen kaba a kan tudun, murabba'i-murabba'i, suna dasa kandili da aduwa a ciki, domin darbejiyar da aka taɓa rabo musu ba ta kai bazara ta biyu ba. Na tambaye shi ko shingen yana tsayar da rairayin. Ya ce inda aka hana dabbobi hawa, ciyawa tana dawowa a damina biyu, kuma a bana suna neman a yarda a kewaye duk gefen gaba ɗaya kafin iskar hunturu ta yi ƙarfi.